Matashi da ciwon sukari: abin da tukunyar gida za ta iya yi

A da, idan aka ambaci ciwon sukari, tunaninmu yakan tafi ga wani dattijo mai kuɗi a birni. Yanzu ana samunsa a jikin ɗan shekara 25 da 'yar shekara 30, ɗan acaɓa da tela da malamar makaranta, har cikin ƙauyuka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu ciwon a duniya sun tashi daga miliyan 200 a 1990 zuwa miliyan 830 a 2022. Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Sukari ta Duniya kuma ta ƙiyasta a 2021 cewa fiye da rabin masu shi a Afirka ba su san suna ɗauke da shi ba.

Wannan darasi na matasa ne da iyayensu, da duk wanda yake dafa abincin da matashi zai ci. Ana iya karanta shi a taron matasa ko a zumuntar mata, a tsaya a tattauna inda ya kamata.

Abin da yake faruwa a jiki

Duk abinci mai gari da muka ci, tuwo ne ko doya ko burodi, idan ya shiga ciki yakan narke ya zama sukari, ya shiga jini. Wannan ba laifi ba ne, da shi muke samun ƙarfin noma da tafiya. Amma sukarin ba ya iya barin jini ya shiga tsoka sai da taimakon wani sinadari mai suna insulin. Wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi ce take yin sa, likitoci suna kiranta fankiriyas. In insulin ya yi kaɗan, ko jiki ya daina jin maganarsa, sai sukari ya yi ta taruwa a jini. Ƙoda ta shiga zubar da shi ta fitsari, ya tafi da ruwan jiki. Daga nan ne ake samun yawan fitsari, musamman da dare, da ƙishirwar da ba ta ƙarewa, da gajiya, da gani dishi-dishi, da maruru, da ƙaiƙayin gaba, da mikin da ya ƙi warkewa. Wasu sukan lura kiyashi suna taruwa inda suka yi fitsari. Wasu kuwa sukan yi shekaru ba su ji komai ba.

Gwajin jini ne kaɗai yake tabbatarwa. Idan mutum ya kwana bai ci komai ba har awa 8, aka gwada da safe aka sami 7.0 ko fiye a ma'aunin mmol/L, wato 126 a ma'aunin mg/dL, akan sake gwadawa wata rana don a tabbatar. Idan yana da alamun da muka ambata, aka gwada kowane lokaci aka sami 11.1 ko fiye, wato 200, ciwon ne. Akwai wani gwajin mai suna HbA1c da yake nuna yadda sukari ya kasance cikin wata 2 zuwa 3 da suka wuce, kuma 6.5 ne iyakarsa. Mai ciwon sikila ya faɗa wa ma'aikacin lafiya kafin a yi masa wannan, domin a jininsa gwajin yakan ba da amsar da ba daidai ba.

Kafin a rage ko loma ɗaya

Nan ne muke roƙon kowa ya karanta a hankali, domin shawarar da za ta taimaki wani matashi ita ce za ta kashe wani. Ciwon sukari ba iri ɗaya ba ne.

A nau'i na 1, jiki ya daina yin insulin kusan gaba ɗaya. Ya fi kama yara da matasa, kuma yakan zo da sauri, cikin makonni. Yaro yana ci yana sha amma yana ramewa kamar ana zuƙe shi. Ba ƙiba ce ta kawo shi ba, ba kuma shan zaƙi ba. Wannan matashi ba shi da nauyin da zai rage. Allurar insulin yake bukata kowace rana, duk tsawon ransa. Kafin a gano insulin a Toronto ta ƙasar Kanada a 1921, likitoci ba su da wata dabara sai su hana irin waɗannan yara abinci, kuma yawancinsu ba su wuce shekara ɗaya ko biyu ba. A watan Janairu na 1922 aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, allurar farko, ya farfaɗo. Wanda ya ce wa mai nau'i na 1 ya ajiye allura ya riƙe ganye ko ya rage ci, ya mai da shi zamanin da ba a gano maganin ba. Idan irin wannan matashi ya fara amai da ciwon ciki, yana numfashi da sauri da zurfi, yana ruɗewa ko barci ya yi masa nauyi, a kai shi asibiti a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne.

Akwai kuma matasa ramammu da suka sha yunwa tun suna ƙanana, fankiriyas ɗinsu ba ta yi ƙwari ba, tana yin insulin kaɗan. A watan Afrilu na 2025 Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Sukari ta Duniya ta ba wannan suna nau'i na 5. Su ma rage nauyi ba nasu ba ne. Abinci mai gina jiki suke bukata, da maganin da likita ya auna musu.

Nau'i na 2 shi ne mafi yawa, fiye da 9 cikin kowane 10. Yana bin jini a iyali, kuma yana tafiya tare da kitse, musamman na ciki, da yawan zama. Sauran darasin a kansa yake. Saboda haka tambaya ta farko da matashi zai yi wa likita ita ce, "Wane iri ne nawa, kuma ya kamata in rage nauyi?" In ba a sami amsar wannan ba, kada a fara.

Me ya haɗa kitse da sukari?

Kowane jiki yana da iyakar kitsen da zai iya ajiyewa a ƙarƙashin fata. Idan wurin ya cika, ragowar sai ta shiga hanta da fankiriyas. Hantar da kitse ya cika ba ta jin insulin, sai ta yi ta zuba sukari cikin jini har cikin dare lokacin da mutum yake barci. Shi ya sa wani zai kwana bai ci komai ba, da safe a tarar sukarinsa a sama. Ita kuma fankiriyas, in kitse ya danne ta, sai ta rage aiki. Abin farin ciki shi ne idan mutum ya fara rage nauyi, kitsen hanta yana cikin wanda yake fara tafiya.

An gwada wannan. Farfesa Roy Taylor na Jami'ar Newcastle da Farfesa Mike Lean na Jami'ar Glasgow a Birtaniya sun bi mutum kusan 300 masu ƙiba, waɗanda ciwonsu bai wuce shekara 6 ba. An sa rabinsu a kan abinci kaɗan ƙwarai na wata 3 zuwa 5, ma'aikatan lafiya suna lura da su. Sakamakon da ya fito a 2017 ya nuna bayan shekara ɗaya, kashi 46 cikin 100 na wannan rukuni sukarinsu ya sauko ƙasa da iyakar ciwo ba tare da magani ba. A cikin waɗanda suka rage kilo 15 ko fiye, kashi 86 ne. Bayan shekara 2 adadin ya sauko zuwa kashi 36, domin nauyin wasu ya dawo, ciwon kuma ya biyo shi. Don haka likitoci suke cewa ciwon ya lafa, ba sa cewa ya warke.

Ba muna cewa a kwaikwayi wannan tsananin rage ci a gida ba. Su sun yi ne da abinci na musamman da aka auna, da ma'aikaci a kusa. Abin da za mu ɗauka shi ne shekarun farko sun fi kowane lokaci daraja. Wani binciken a Amurka da aka buga a 2002 ya bi mutum fiye da 3,000 da sukarinsu ya fara hawa amma bai kai ciwo ba. An ba wasu burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da tafiya ta minti 150 a mako. Kamuwa da ciwon ta ragu da kashi 58 a cikinsu, alhali ƙwayar magani ta rage shi da kashi 31.

Matashi ya fi dattijo dalilin gaggawa. Wanda ciwon ya kama yana da shekara 60 zai zauna da shi shekara 15 ko 20. Wanda ya kama yana da 25 zai iya zama da shi shekara 40 ko 50, yana cin idanu da ƙoda da jijiyoyin ƙafa a hankali. A Amurka an bi matasa kusan 500 da nau'i na 2 ya kama tun suna yara. Rahoton 2021 ya nuna lokacin da suka kai kimanin shekara 26, kashi 60 cikin 100 sun riga sun sami lahani aƙalla ɗaya a ido ko ƙoda ko jijiya.

Nawa za a rage?

Mu ɗauki saurayi mai kilo 90. Kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinsa shi ne kilo 4 da rabi zuwa 9. Wannan ya isa a ga canji a sukari da hawan jini. In ya iya kaiwa kilo 10 zuwa 15, damar lafawar ciwon ta ƙaru sosai. Rabin kilo a mako tafiya ce mai kyau, wato cikin wata 5 ko 6 ya kai kilo 10. A hau sikeli ɗaya, rana ɗaya a mako, da safe. Sikelin ɗakin shan magani ya isa.

Inda babu sikeli akwai igiya. A auna tsawon mutum daga tafin ƙafa zuwa kai da igiya, a ninka ta biyu, a zagaya ciki da ita dab da saman cibiya. In bakinta biyu sun haɗu, cikin bai wuce rabin tsawo ba, haka ake so. In sun ƙi haɗuwa, akwai kitsen da ya kamata ya tafi, ko da hannuwa da ƙafafu sirara ne. Teɓa ta fi kumatu haɗari.

Akwai wata wahala da ba ta cikin littattafan likitoci. A wurinmu ƙiba alamar hutu ce. Amarya ta yi kumatu, a ce miji yana riƙe ta da kyau. Saurayi ya dawo daga birni da teɓa, a ce ya samu. In kuwa mutum ya fara ramewa, sai a shiga raɗe-raɗi, wasu su ce ƙanjamau ce, wasu su ce an yi masa asiri ko aurensa ba daɗi. Matasa da yawa sukan bar abin da suka fara saboda bakin mutane, ba saboda yunwa ba. Tsoron wannan bakin ne ma yake kai 'yan mata ga ƙwayoyin ƙiba na kasuwa, waɗanda wasu ke kira sha-ka-fashe. Da yawa daga cikinsu suna ɗauke da dexamethasone, magani ne da yake ɗaga sukarin jini, yana iya fito da ciwon ga wanda yake da shi a ɓoye. Muna ganin ya kamata shugabannin matasa da na mata su yi wannan magana a fili. Wanda kuma ya ga ɗan'uwa yana ramewa, ya tambaye shi kai tsaye yadda jikinsa yake, ya fi a kai maganar bakin rijiya.

A fara da abin sha

In matashi abu ɗaya kawai zai iya canzawa a watan farko, to ya zama abin sha. Sukarin da yake cikin ruwa yakan shiga jini nan da nan, kuma ba ya ƙosar da kowa. Lemon kwalba mai santilita 35 yana ɗauke da kusan ƙaramin cokali 9 na sukari, roba mai santilita 50 kuwa kusan 13. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa ko lafiyayye kada ya wuce kimanin cokali 12 a yini, in ya tsaya a 6 ya fi kyau. Roba ɗaya ta cinye rabon yini duka. Lemon malt da ake kai wa mara lafiya a asibiti da sunan ƙarin jini shi ma cike yake da sukari, haka abubuwan shan ƙarin kuzari da 'yan acaɓa da direbobi suke sha.

Na gida ma a duba su. Zoɓo da kunun zaƙi da kunun aya da fura, yadda ake sayar da su, an zuba musu sukari da yawa. Zoɓo da citta da kanumfari ba sukari yana da daɗinsa, harshe yakan saba cikin 'yan makonni. A teburin mai shayi, a ce masa tun kafin ya haɗa, "Kada ka sa sukari, madarar ma ba mai zaƙi ba." Zuma ba mafita ba ce, kusan kashi 80 cikin 100 nata sukari ne. Rake da dabino haka. Burukutu da giyar kwalba suna ƙara teɓa, suna lahanta fankiriyas, kuma ga mai shan wasu magunguna suna iya faɗar da sukari cikin dare yana barci.

Kwanon tuwo

Babu wanda ya ce mai ciwon sukari ya bar tuwo. Matsalar ita ce yadda muke cika kwano: tuwo malmala uku, miya ɗan kaɗan a gefe don a shafa. Abin da ake so a juya wannan. Rabin kwano ganye da kayan lambu, kashi ɗaya cikin huɗu wake ko kifi ko ƙwai ko nama ko awara, sauran kashi ɗaya cikin huɗu tuwo ko shinkafa ko doya. Ma'auni mai sauƙi shi ne tuwon ya kai girman dunƙulen hannun mai ci. Wanda yake wuni a gona da damina zai bukaci fiye da haka, wanda yake zaune a shago ko a kan babur bai bukata.

Wanda ya saba da malmala uku kada ya sauka zuwa ɗaya rana guda, ba zai jure ba. Ya koma biyu na mako biyu, ya cike gurbin da ganye, sannan ya sake ragewa.

Mu mutanen karkara mun fi na birni sa'a a nan, in mun lura. Zogale da rama da tafasa da alayyaho da yakuwa da lalo da kuɓewa da karkashi da gauta da kabeji, yawancinsu a bayan gida suke ko a bakin fadama. Kwaɗon zogale ko na rama da ɗan ƙuli-ƙuli da tumatir da albasa, in an ci shi kafin tuwo, yakan tare ciki ya kuma rage saurin hawan sukari. Gwate da fate da aka cika da ganye sun fi tuwo mai laushi. Wake ya cancanci wuri na musamman, domin yana ƙosarwa kuma sukarinsa a hankali yake shiga jini. Alale ya fi ƙosai don ba a soya shi ba. Shinkafa da wake, a bar waken ya rinjayi shinkafar. Gurjiya da gyaɗa da riɗi suna da kyau, sai dai gyaɗa mai ce, cikin tafin hannu ɗaya ya isa. Ganyen da aka shanya a inuwa da kaka shi zai riƙe gida da rani, kamar yadda iyayenmu suke yi da kuka da busasshiyar kuɓewa.

Yadda aka sarrafa hatsi ma yana da tasiri. Dawa da gero da masara da aka surfe tas, aka niƙa lilis, aka dafa luguf, sun fi saurin zama sukari. Dusar da muke ba awaki ita ce take rage wannan saurin. A rage surfe, a riƙa yin tsaki da dambu. Koko da kunu da safe, ko ba sukari, suna saurin ɗaga jini in an sha su kaɗai, gara ƙaramin kofi tare da alale ko dafaffen ƙwai. Burodi da garin kwaki da taliyar leda da fanke da cincin, su ne abincin ɗalibi da gwauro saboda sauƙi, kuma su suka fi yin ɓarna.

Mai ba ya ɗaga sukari kai tsaye, amma babban cokali ɗaya yana da kalori kusan 120, ko manja ne ko man gyaɗa. A riƙa aunawa da cokali, a daina tuttulawa daga kwalba. Gishiri da dunƙulen ɗanɗano a rage, domin hawan jini abokin tafiyar ciwon sukari ne, daddawa tana nan. 'Ya'yan itace ba a hana ba. Gwaiba ko lemo ɗaya, ko yankin gwanda, a ci da ɓargonsu ba a matse ba. Lokacin mangwaro ne ake shan wuya, domin ba wanda yake tsayawa a ɗaya. Ƙarami ɗaya a yini ya isa.

Kuɗi da yawa suna tafiya wajen abin da ake kira abincin masu sukari. An ce garin alkama, an ce acha, an ce ɗanyen filanten. Duka abinci ne mai gari, kuma malmala uku ta tuwon alkama za ta ɗaga sukari kamar ta masara. Acha da tamba hatsi ne masu kyau, wanda yake noma su ya ci, amma da awo. Ruwan shuwaka da sauran abubuwa masu ɗaci ba sa wanke sukari daga jini. Masu tallar maganin da suke cewa yana warkar da ciwon cikin kwana kaɗan, kuɗinku suke so, wasu haɗe-haɗen kuma suna lalata ƙodar da ciwon ya riga ya raunana.

Wa yake riƙe da muciya?

Duk abin da muka faɗa zai tsaya a takarda in ba a kula da wannan ba. Matashi ba shi ne mai tukunya ba. Uwa ce ko matar wa ko amarya take dafawa, uba yake buɗe rumbu, kuma a gidaje da yawa samari kwano ɗaya suke ci. Ga uwa, ɗa ya bar tuwo a kwano kamar ya ƙi ta ne. Saboda haka ranar komawa asibiti a tafi da mai dafa abincin, ta ji da kunnenta. Matashi kuma ya yi magana da ladabi: "Mama, ba girkinki ne ba daɗi ba. Likita ya ce in rage tuwo in ƙara miya. Ki taimake ni in daɗe tare da ke."

Ba ma ba da shawarar a ɗora masa tukunya dabam. Itace ba zai isa ba, kuɗi ba za su isa ba, shi ma zai ji an ware shi. Abincin da ya dace da shi ya dace da gidan duka, tun da ƙannensa da yayyensa jini ɗaya ne, su ma suna cikin haɗari. Abin da yake bukata nasa shi kaɗai shi ne kwano, don ya ga abin da ya ci. A lura dai, yara ƙanana masu girma da mai ciki da mai shayarwa ba a rage musu abinci.

A biki ko Kirsimeti ko taron godiya na kaka, shinkafa da lemon kwalba ne sarakuna. Matashi ya ci kwaɗo ko wake kafin ya fita, ya karɓi kwano ɗaya, ya riƙe ruwa a hannu. Masu hidima kuma, in baƙo ya ce ya ƙoshi, a bar shi. Kwamitin abinci zai iya ajiye zoɓo mara sukari a gefe, ba zai ci komai ba.

Motsa jiki

Tsokar da take aiki tana jan sukari daga jini. Abin da ake nema minti 30 ne a yini, kwana 5 a mako, na tafiyar da za ta sa numfashi ya ɗan hau. Tafiyar minti 10 ko 15 bayan cin abinci tana da amfani ƙwarai. Da damina gona ta isa. Da rani, bayan an kai amfani gida, aiki yakan tsaya amma kwano ba ya raguwa, nan ne nauyi yake dawowa. Keke da ƙwallo da ɗiban ruwa da noman rani duk suna cikin lissafi. A sa takalmi a gona, a duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu kowane dare, domin ciwon yakan kashe jin zafi, ƙaya ta shiga ba a sani ba.

Magani da azumi

Gyaran abinci ba ya nufin a ajiye magani. Yawanci akan fara da metformin, ana shan sa tare da abinci, yakan ɗan dami ciki a makonnin farko. Likita ne zai rage ko ya tsayar idan gwaji ya nuna. Wanda yake allurar insulin ko yake shan ƙwaya irin glibenclamide ya sanar da ma'aikacin lafiya kafin ya rage ci, domin sukarinsa yana iya faɗuwa ƙasa da 3.9, wato 70. Alamunsa rawar jiki, gumi, bugun zuciya, yunwa mai tsanani da ruɗewa. A nan sukari magani ne: ƙaramin cokali 3 ko 4 a ruwa, ko rabin kofi na lemon kwalba, a jira minti 15, in bai dawo daidai ba a maimaita, sannan ya ci abinci. In ya suma kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi a gefe a nemi asibiti. Irin wannan matashi ya riƙa yawo da ƙwayoyin sukari 4 a aljihu, abokan aikinsa kuma su san dalili.

Haka batun azumi, ko na farkon shekara ko na kafin Ista. Mai insulin ko glibenclamide kada ya shiga sai ya yi shawara da likita, mai nau'i na 1 da mai ciki kuwa ya fi musu su bari. Muna roƙon fastoci da dattawa su faɗi wannan da bakinsu lokacin sanarwa, domin matashi ba zai so a ga kamar shi ne mai rauni ba. Buɗe baki da lemon kwalba da tulin shinkafa kuma yakan rushe abin da aka tara.

Ga 'yan mata da sababbin ma'aurata

Ciwon sukari ba a ɗaukarsa ta kwano ko ta aure, kuma ba ya hana haihuwa. Amma sukari mai yawa a makonnin farko na ciki yana iya lahanta jariri tun uwar ba ta san tana da ciki ba. Lokacin rage nauyi da daidaita sukari shi ne kafin a ɗauki ciki, tare da duba magungunan da ake sha. In ciki ya shiga, a daina neman rage nauyi, a fara awo da wuri, a faɗa wa ungozomar asibiti. Wadda aka ce sukarinta ya hau lokacin ciki sannan ya sauka bayan haihuwa, ko wadda ta haifi jariri mai fiye da kilo 4, ta riƙa gwaji a kai a kai.

Aikin da za a yi a taro

A zo da igiya, da kwalbar lemo wadda ba komai a ciki, da sukari da ƙaramin cokali. Mutum ɗaya ya zuba cokali 9 cikin kwalbar kowa yana ƙirgawa, a zagaya da ita. Sannan maza a gefe, mata a gefe, wanda ya yarda ya gwada awon igiya, ba dole, ba kuma dariya. Bayan haka a tattauna. Waɗanne ganyaye ne kakanninmu suke ci da muka bari, kuma ina za a sami irinsu? Me mukan ce idan muka ga wani ya rame? Ina ne wuri mafi kusa da ake gwajin sukari, nawa ne, wace rana? A zaɓi mutum biyu su je su tambayo, su kuma ji ko ma'aikacin lafiya zai yarda ya zo da na'urarsa wata safiya. Ranar 14 ga Nuwamba ita ce ranar ciwon sukari ta duniya, ta dace da irin wannan gayyata. A tuna wa masu zuwa su kwana ba su ci komai ba, ruwa kawai za su sha.